Faifai Talatin da Ɗaya

"Nac ce a bar shi, Oga. Gobe war haka abin ga ya zama tarkace."

Maccido bai bari Gazali ya rufe baki ba. Ya ɗauke shi da mari, ƙeyarsa ta bugi bulon da ke bayansa. Jelani na zaune bisa babur a bakin ƙofa yana yanke farce da reza. Bai ko ɗago kai ba.

Su uku ne a kangon, wani gini da mai shi ya kai linta ya watsar a bayan Gidan Dahala. Laraba ce, an fito sallar la'asar, zafin bazara ya hana ko ƙadangare motsi. Maccido ne babba. Shekara tara yana fashi, ba a taɓa kama shi ba, ba a kuma taɓa ɗaukar hotonsa ba sai sau ɗaya. A kan wannan sau ɗayan ake rigimar.

Shekara biyu da suka wuce, shi da Jelani sun je shagon wani Alhaji mai sarin atamfa da shadda wajen Ƙofar Kware. Jelani ya tsaya can kan kwana da babur, Maccido ya shiga. Maigadin shagon, wani dattijo, ya rungume shi da kokawa, ya fizge rawanin da ya rufe fuska da shi. Maccido ya harbe shi a wuya. Da ya ɗaga kai sai ga kyamara a saman ƙofa tana kallonsa. Ya bi wayarta har ofis, ya sami akwatin da ke naɗar hotunan, ya sakar masa harsashi ɗaya. Akwatin ya mutu. Masu bincike suka jona shi bai tashi ba, suka bar wa Alhaji kayansa, Alhaji ya jefa shi a sito. Magana ta kwanta.

Ranar Litinin Jelani ya ga ana loda tsofaffin kwamfutocin shagon a keke napep, akwatin nan mai huji a goshi yana sama. Ya bi su a hankali har shagon Tanko, mutumin da ke karɓar matattun kwamfutoci yana farke su. Da ya kawo labari, Gazali ya yi suɓul da baka. Ya ce mutuwar akwati daban, mutuwar faifan ajiya da ke cikinsa daban. In harsashi bai taɓa faifan ba, duk wanda ya cire shi ya jona a wata kwamfuta zai ga komai kamar jiya aka yi.

Tun daga ranar Maccido bai ci abincin kirki ba.

Gazali ya tofar da jinin da ke bakinsa, ya sake gwadawa. Shi ne ƙarami a shigowa, bai fi shekara da shiga harkar ba, kuma kafin nan ya yi wata shida yana aiki a ƙarƙashin Tanko. Ya ce ya san yadda ake yi a shagon kamar yadda ya san ɗakinsa. Ba a kunna komai. Da kaya sun iso za a kwance, a cire faifai, a liƙa masa lamba, a jefa shi cikin akwatin ƙarfe a kulle. Ranar Alhamis ƙarfe goma masu kayan su turo wakilai, a gaban idonsu Tanko ya yi wa kowane faifai huji uku da inji, ya bi da guduma, ya ba su takardar shaida. Ya ce Tanko mutum ne mai taurin kai a kan wannan, ko matarsa ba ta isa ta sa ya leƙa abin mutane ba. In suka yi zamansu, gobe kafin azahar Tanko da hannunsa zai yi musu aikin.

Maccido ya tsuguna a gabansa, har Gazali yana jin warin taba a numfashinsa.

"To kai mi yas sa shi kore ka?"

Gazali ya kau da kai.

"Magana nika yi da kai."

"Na jona wani faifai ne. Hotuna nid duba."

"Kad duba," in ji Maccido. "Kai ɗan Adam na, shi ko mala'ika? Ba ni barin huskata hannun wani ƙato in kwanta ina jiran mutuncinai."

Jelani ya naɗe rezarsa a takarda, ya tambaya ko ƙarfe nawa. Maccido ya ce tara da rabi, kafin wakilan su taru. Gazali ne zai buɗe akwatin tunda ya san wurin. Gazali ya ce in ya shiga shagon nan za a gane shi. Maccido ya ce ya naɗa rawani, ya kama bakinsa. Ya ƙara da cewa in bai zo ba, ya san ƙofar gidan da uwarsa take.

*

Shagon Tanko ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba, a wani layi na masu walda da kanikawa. A rumfar ake jibge gangar jikin kwamfutoci, roba gefe ɗaya, ƙarfe gefe ɗaya, wayoyin jan ƙarfe a buhu suna jiran 'yan gwangwan. Waɗanda suka gyaru kuma suna jere a kanta, an goge su, an sa musu sabon faifai.

Tanko mutumin kudancin Kaduna ne, ya kusa sittin, ya yi shekara ashirin yana gyaran kwamfutocin ofisoshi kafin ya buɗe nasa. Matarsa Lydia ce ke riƙe littafin lambobi: kowane faifai da lambarsa, da sunan mai shi, da ranar da ya shigo. A wannan makon guda talatin da ɗaya ne, daga wuri biyar. Akwai na wani asibiti, akwai na wata makaranta, akwai na shagon Alhaji.

Tun asuba aka ɗauke wuta. Lydia ta girgiza janareta ta ji babu ko ɗigon mai.

"Baban Esther, mutane za su zo su same ka kana huda ƙarfe da haƙori."

Tanko ya yi dariya. Ya ce ta bari ya gama buga takardun shaida da hatimi, sai ya ɗauki galan. Ta ce haka ya ce makon jiya, wakilin asibiti ya yi awa guda yana fifita da kwali. Ya ce ai mutumin ya ji daɗin zaman, har shayi ya sha kofi biyu. Ta kira shi tsoho mai gardama. Ya amsa.

Yana hura hatimin da baki ya ji babura biyu sun tsaya a waje.

Maccido ne ya fara shiga, rawani baƙi, bindiga ƙirar AK ta fito daga ƙarƙashin babbar riga.

"Ƙasa! Kowa ƙasa!"

Lydia ta zube a bayan tebur, littafin ya faɗo tare da ita. Tanko ya ɗaga hannu, ya durƙusa a hankali saboda gwiwarsa. Ya ce su ɗauki abin da suke so, ga kwamfutoci nan a kanta, masu aiki ne duka, babu wanda zai hana su.

Babu wanda ya dubi kantar.

Gazali ya shigo da buhu. Bai tambayi kowa komai ba, ya wuce kai tsaye ɗaki na biyu, ya miƙa hannu bayan wani tsohon talabijin da ke bisa katako, ya zaro mabuɗi daga ƙusar da ke ɓoye a can. Ya durƙusa ya buɗe akwatin ƙarfen.

Tanko yana kallonsa ta ƙofa. Mutum huɗu ne kawai a duniya suka san ƙusar nan.

"Gazali," in ji shi, ba da ƙarfi ba. "Gazali, kai ne?"

Gazali ya daskare, faifai a hannu.

"Ɗana, waɗannan ba na sayarwa ba ne. Sirrin mutane ne. Akwai na marasa lafiya a ciki, ka sani. Ajiye, ka ɗauki na kanta."

"Oga, yi shiru," in ji Gazali. "Don Allah yi shiru."

Ya makara. Maccido ya juya bakin bindigar, ya harba—sau biyu. Ƙarar ta cika ɗakin, kwanon rumfa ya amsa. Tanko ya faɗi ta baya cikin tarin allunan kwamfuta, hatimin yana hannunsa har yanzu.

Lydia ta yi kururuwa, ta rarrafo. Maccido ya tare ta da gindin bindiga a fuska. Ta kife, jini ya ɓalle daga girarta, ta kwanta a kan littafin ba ta sake motsi ba.

Gazali ya fito da gudu ya riƙe hannun rigar Maccido. Ya ce ga injin huda nan a bisa benci, minti biyu ya ishe shi, a gama komai a nan. Ya danna makunni. Shiru. Ya fizgi igiyar janareta—sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Tari kawai ta yi. Ya ce to a nemo littafin, littafin ne zai nuna wanne ne na Alhaji, ba sai sun kwashe duka ba.

Daga waje Jelani ya danna oda. Masu walda sun ajiye aiki, wasu sun fara ɗaukar ƙarafa.

"Kwashe duka!"

Gazali ya juye akwatin cikin buhu. Nauyin ya kusa kayar da shi a bakin ƙofa. Maccido ya saki harsashi biyu a sama, layin ya watse, wani bakanike ya faɗa cikin kwata. Maccido ya haye bayan Jelani. Gazali ya ɗora buhun bisa tankin nasa babur, ya danne da ƙirji. Suka yanki yamma.

*

Sufeto Habibu ya iso bayan minti ashirin da mutum huɗu a motar sintiri. Ya tarar da makwabta sun lulluɓe Tanko da zane. Lydia na zaune a ƙasa, wata mai sayar da abinci tana danne mata gira da tsumma. Idonta na hagu ya rufe.

Habibu ya daɗe a aikin, ya ga fashi iri-iri. Ya tsaya yana kallon kantar. Kwamfutoci tara, masu aiki, ko ɗaya ba a taɓa ba. Buhun jan ƙarfe yana nan. Wayar Tanko tana bisa tebur. Ya tambayi mai walda na kusa ko me suka ɗauka, mutumin ya ce shara.

Lydia ce ta yi masa bayani. Muryarta ba ta rawa, wannan ya fi damunsa. Ta ce faya-fayan da za a lalata yau suka kwashe. Ta ce ɗaya daga cikinsu Gazali ne, yaron da mijinta ya koya wa aiki ya sallama, kuma don mijinta ya kira sunansa aka kashe shi. Ta zaro littafin daga ƙarƙashin zanenta, jini ya jiƙa bangonsa, ta miƙa.

Yana cikin bin layukan da yatsa sai ga wani saurayi mai farar shadda ya kutso cikin taron. Ya ce sunansa Nasiru, ɗan Alhaji mai atamfa, an ce ya zo ƙarfe goma ya shaida lalata kayansu. Habibu ya tambaye shi ko me ke cikin nasu da zai sa a kashe mutum. Nasiru ya ce babu komai, lissafin yadi ne na shekarun baya, sai wani mataccen akwatin kyamara da 'yan fashi suka harba lokacin da aka kashe maigadinsu.

Habibu ya dube shi. Ya sake duban littafin. Lydia ta rubuta a gaban lamba goma sha bakwai: na akwatin kyamara, faifai lafiya, harsashi bai same shi ba.

Ya rufe littafin ya sa a hammata. Ya kira ofis ya ce a tare hanyoyin yamma, babura biyu, mutum uku, buhu ɗaya. Ya ce kuma a ciro masa fayil ɗin maigadin Ƙofar Kware.

Lydia ta riƙe ƙafar wandonsa.

"Yallaɓai, bai taɓa duba ko ɗaya ba. Shekara goma sha ɗaya. Ko ɗaya."

Ya ce ya ji. Ya shiga mota.

*

Bayan Kalambaina akwai wani tsohon rami da aka daina haƙar dutse a cikinsa. Farar ƙasa ce ko'ina, ruwan kore ya taru a ƙasan. A nan suka sauka, suka tura baburan bayan wani tudu.

Gazali ya juye buhun. Faya-fayan suka zube bisa dutse, kowanne kamar ƙaramin bulo na ƙarfe, kowanne da farar takarda mai lamba. Babu suna ko ɗaya.

"Wane na?" in ji Maccido.

Gazali ya ce bai sani ba. Ya ware ƙanana guda tara ya ce waɗannan na kwamfutar hannu ne, ba sa shiga akwatin kyamara. Saura ashirin da biyu, duka kai ɗaya.

Maccido ya ce a watsa su cikin ruwan. Gazali ya ce ruwa ba ya kashe su, faifan ciki a rufe yake, masu aikin sun san yadda ake shanya shi a karanta. Maccido ya ce a ƙone. Gazali ya ce takardar waje ce kawai za ta ci, sai an sami wutar maƙera. Ya ce abin da ake bukata shi ne a huda ko a fasa faifan da ke ciki, kuma murfin ba ya kwancewa sai da wani sukundireba mai bakin tauraro, wanda ya baro a bencin Tanko.

Maccido ya shure shi a haƙarƙari, ya ce ya ɗauki dutse.

Gazali ya ɗauki dutse. Ya daki na farko sau goma. Dutsen farar ƙasa ne, shi ne ya farfashe, murfin ƙarfen ya ɗan lotsa kawai. Ya sake ɗaukar wani. Yatsansa ya shiga tsakani, farcen ya tsage. Rana ta take tsaka, gumi na zuba cikin idonsa. Bayan kusan rabin awa guda biyu ya iya lanƙwasawa, su ma bai rantse sun mutu ba.

Yana duka yana kuka. Ba ya ɓoyewa.

"Da mun zamna gida, da yanzu an gama," in ji shi. "Da yanzu yana shan shayi."

Maccido ya ture shi gefe. Ya jera faya-fayan bisa wani faffaɗan dutse, ya ja baya taku uku, ya saita. Gazali ya ce a'a, direbobin tifa suna bayan tudun can, za su ji. Maccido bai saurare shi ba.

Harbi na farko ya ratsa lamba shida, ya tashe ta sama. Ƙarar ta zagaye ramin ta dawo. Maccido ya ɗauko ta, ya leƙa hujin, ya ga hasken rana ta ciki. Karon farko cikin kwana uku ya yi murmushi.

Ya ci gaba. Ɗaya ya kuskure, ɓarɓashin dutse ya yanke shi a kunci. Ya zagi dutsen, ya matsa kusa.

Jelani yana zaune a inuwar tudu, ƙaramar bindigarsa ƙirar gida a cinya. Tun safe bai faɗi kalma goma ba. Shekara shida yana tuƙa Maccido, bai taɓa shiga cikin shago ba, bai taɓa cire hular kwano a wurin aiki ba. Yana kallon kwanson harsashi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Saura nawa gare ka, Oga?"

Maccido ya ce ya rufe masa baki. Ya harba. Ya sake harbawa. Ya saita a kan na gaba, ya ja kunama.

Ƙas.

Ya sake ja. Ƙas. Ya ciro gidan harsashin ya leƙa, ya jefar. Faifai tara na nan a jere babu ko ƙwarzane. Ya juya ya miƙa wa Jelani hannu, ya ce ya ba shi tasa.

Jelani ya tashi, ya kaɗe bayan wandonsa.

"Oga, huskakka na ciki. Wanga ko an kira sunanai gaban mata. Ni ba wanda yas san ni duk Sakkwato, sai ku biyu."

Maccido ya gane kafin ya gama. Ya ɗaga AK ɗin kamar sanda ya yi kansa—taku biyu ya samu. Harsashin ya shiga ƙarƙashin idonsa. Ya faɗi a kan faya-fayan, ƙafarsa ta yi ta shure farar ƙasa, sannan ta daina.

Gazali ya zabura ya nufi babur. Harsashi na biyu ya same shi a ciki ta gefe, ya naɗe ya gangara har bakin ruwa. Jelani ya biyo shi, ya tsaya a kansa, ya ja kunama a saitin kai. Bindigar ta ƙi. Ya buga ta a tafin hannu, ya sake ja, ta ƙi. Ya dubi jinin da ke malala, ya ga ya isa. Ya wurga bindigar tsakiyar ruwan, ya wanke hannu, ya ce Gazali ya yafe shi, ba gaba ba ce.

Ya tada babur ya hau hanya, a hankali, kamar ɗan kabu-kabu mai neman fasinja.

*

Wani direban tifa ne ya kira ya ce ana harbe-harbe a tsofaffin ramuka, amma bai san wanne ba. Ramukan sun fi goma. Motar Habibu ta bar kwalta ta shiga farar hanya, ta tsaya inda hanyar ta rabu uku.

Sai ga mai babur ya taho, hular kwano a kai. Shi ya ɗaga musu hannu tun daga nesa. Ya tsaya yana haki, ya ce yallaɓai su yi sauri, can ramin dama, bayan tudu, ya ga mutane da bindiga, da ƙyar ya tsira. Habibu ya tambayi ko su nawa. Ya ce biyu ya gani. Habibu ya ce ya kauce daga wurin. Mai babur ya ce Allah shi taimake su, ya wuce.

Suka sauka da bindigogi a shirye, suka bazu. Babu wanda ya harbe su. Maccido na kwance ƙudaje sun fara sauka. Gazali ya ja jiki ya jingina da dutse, ya tura rawaninsa cikin raunin, hannu biyu a kai.

Habibu ya tsuguna, ya kira sunansa. Gazali ya amsa. Ya tambaye shi ina na ukun. Gazali ya ce Jelani, ya hau babur ja ba da jimawa ba, hular kwano baƙa mai tsaguwa a gefe.

Habibu ya miƙe ya dubi hanyar da suka fito. Kofur ɗin da ke bayansa ya yi salati a hankali. Aka kira ofis, aka ba da kamanni, amma kowa a wurin ya san yawan jajayen babura da ke shiga gari a awa ɗaya.

Ya sa aka tattara faya-fayan duka, masu huji da marasa huji, aka mayar cikin buhun. Shi da kansa ya riƙa juya kowanne yana duba lamba kafin a jefa. A kan lamba goma sha bakwai ya ɗan tsaya, sannan ya sa shi daban cikin leda, ya tura a aljihun rigarsa. Gazali bai gani ba, idonsa na rufe a lokacin.

Aka ɗora gawar Maccido a bayan mota, aka kwantar da Gazali kusa da ita, buhun a tsakaninsu. Habibu ya hau baya ya zauna a gefe. Motar ta tashi, kowane rami ta faɗa sai Gazali ya yi nishi.

Kafin azahar ke nan. Tanko yana ɗakin ajiyar gawa. Lydia tana asibiti, likita ya ce idon ba zai dawo ba, 'yarsu Esther tana hanya daga makaranta ba a gaya mata komai ba tukuna. Wakilan asibiti da na makaranta suna tsaye a rumfar shagon, sirrin mutanensu da aka yi musu alkawarin lalatawa yana cikin buhu zai tafi ɗakin ajiyar shaida. Jelani ya shige gari.

Wajen shiga kwalta Gazali ya buɗe ido. Leɓensa sun bushe sun yi fari. Ya nemi ruwa, kofur ya ce ba a ba mai raunin ciki ruwa. Ya tambaya ko Madam Lydia tana da rai. Habibu ya ce tana da rai. Suka wuce wata tirela mai siminti.

Sannan Gazali ya ɗora hannunsa mai jini a kan buhun, ya lalubi ƙarafan da ke ciki.

"Yallaɓai," in ji shi. "Wanda munka zo nema, cikin waɗanda anka harbe shike, ko cikin waɗanda sunka rage?"